Tabarau Mai Ruwan Shayi

Ni da rana ba mu taɓa faɗa ba.
Na yi dashen albasa a Aliero tana tsaye bisa kaina,
na sha ta a kasuwar Jega har kwano ya yi ƙara.
Takan gasa mini ƙeya
ta bar mini idanu.

Ɗan ƙwan nan ne,
farin ƙwan sola da Labbo ya rataya a shagonmu
ana saura kwana tara salla,
wai mu daina ɗinki da tocila a baki.
Bai fi ƙwan zabo ba,
amma da ya buɗe ido
sai in ji kamar an zare allurar keke
an soka mini a ƙarƙashin gira.

Zare ɗaya ya koma biyu.
Farar shadda ta riƙa tafasa a gabana.
Ga hawaye, ba rasuwa, ba yankan albasa.
Na karkata wuyan rigar wani ango,
na biya da cefanen kwana huɗu.

Inna Tumba ta ce baki ne,
ta aiko da kwalli da rubutu a gora.
Na sha, na shafa.
Ƙwan dai ko a jikinsa.

A Birnin Kebbi wata likita mai sanyin hannu
ta leƙa can cikin idona, ta daɗe,
ta ce, "Ba makanta ba ce, Arzika.
Idonka ne ba ya son a yi masa tsawa."
Ta jera mini gilasai a faranti,
mai toka-toka, mai kore, da baƙi wuluk irin na direbobi.
Hannuna ya nufi baƙin, ta janye shi:
"In ka saba masa da duhu a ɗaki
shagwaɓa zai ƙara."
Na ɗauki mai ruwan shayi,
shayin da bai ji ganye sosai ba.

Daren farko na zauna ƙarƙashin ƙwan
ina jiran allurar.
Na jira.
Sai ƙarar keke, da sauro,
da kafaɗuna suna sauka a hankali
kamar wanda aka sauke wa buhu.

Mutane kuwa, ka san mutane.
"Arzika, fim za ka fito?"
"Ko wani abu kake sha, kake ɓoye jan ido?"
Ranar nan bayan isha'i
wani dattijo ya dafa ni a masallaci:
"Yaro, a gaban Ubangiji ma sai ka yi gayu?"
Ban iya musu da furfura ba, na cire.
Fitilu shida suka taso mini lokaci guda,
hawaye suka ɓalle har gemu.
Tsohon ya girgiza kai, ya ce,
"Allah ya ƙara maka tsoronsa,"
ya yi mini addu'a mai tsawo.
Na ce amin.
Ai ba a mayar da addu'a.

Ba kyauta gilashin ke aiki ba, yana karɓar la'ada.
Fari ya zama ruwan madara,
shuɗi da kore sun zama 'yan ɗaki ɗaya.
Shi ya sa Hajo, 'yata ta biyu,
in ta taso daga islamiyya
takan zauna kan buhun ƙyalle tana zaɓa mini zare.
"Baba, wannan ba shi ba ne."
Ta miƙo wani, tana dariya da giɓinta.
Naira hamsin take caja,
kuma ba ta yarda da bashi.

In dare ya raba, Labbo ya kashe ƙwansa,
nakan naɗe tabarau a guntun atamfa
in sa shi a gwangwanin maɓallai,
in taka zuwa gida da idona tsirara.
Wata yana nan bisa kan gada,
shi da bai taɓa ɗaga mini murya ba.